Wata guda a gindin gawo: abin da malamin Nima ya koyo a ƙasar Maraɗi

Ranar farko da na shiga ajin, yara kusan hamsin suka miƙe suka ce da murya ɗaya, "Ina kwana, Mushe!" Na tsaya turus. Mu a Nima, mushe dabba ce da ta mutu ba a yanka ba. Sai da shugaban makarantar ya gama dariya sannan ya fahimtar da ni cewa haka ake kiran malamin boko a Nijar, kalmar Faransanci ce bakin Bahaushe ya lanƙwasa. Kafin a tashi su ma yaran sun sami nasu abin dariyar, don na ce "yarinyan nan ya zo a makare", irin Hausarmu ta zango. Wani ɗan ƙarami ya ɗaga hannu: "Mushe, mace ce fa. Ta zo ake cewa."

Ni malamin firamare ne a Akara, shekarata tara ina koyar da kimiyya tun da na fito kwalejin horar da malamai. A hutun watan Agusta na 2022 wata ƙaramar ƙungiyar malamai ta nemi masu aikin sa-kai da za su koyar da ilimin muhalli a darussan hutu a wani ƙauye tsakanin Maraɗi da Tasawa. Ba albashi, kuɗin mota ma daga aljihuna. Abinci da wurin kwana ne kawai a kansu. Na bi ta Aflawo, Lome, Kwatano, Faraku, na haye gadar Malanbil zuwa Gaya, sannan Doso da Birnin Ƙonni. Kwana uku a hanya, ƙafafuna duk sun kumbura.

Na tafi da littafin darussa cike taf, kuma na tafi da girman kai, gara in faɗa. A raina ni ne mai ilimi daga bakin teku, zan je in wayar da kan 'ya'yan sahara. Darasina na farko a kan kurmi ne da kogunan da masu haƙar zinariya ta galamse suka mayar kamar kunu. Yaran suka yi tsit suna kallona. Ba wanda ya taɓa ganin kurmi a cikinsu. Ruwan da ke sauka musu a shekara bai wuce milimita 500 ko kusa da haka ba, shi ma cikin wata uku zuwa huɗu.

A kwana na uku na rubuta a allo cewa sare itace laifi ne, na sa suka maimaita sau uku. Wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, wadda kullum take zama a ƙarshen tabarma da ƙaninta a baya, ta ce, "Mushe, to in ba mu saro ba, da me inna za ta tuƙa tuwo?" Wallahi ban da amsa. Ta ƙara da cewa, "Ku a garinku da me kuke dahuwa?" Na ce da gas da gawayi. Ina rufe baki na tuna buhunan gawayin da manyan motoci ke sauke mana daga arewacin Gana, har da na kaɗanya, itacen da mata ke samun abin rufin asiri da shi. Ashe ni ma mai sara ne, gatarin ne dai ba a hannuna yake ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Washegari na kawo shawarar mu sayo dashe mu shuka a kewayen makaranta, kamar yadda muke yi a wancan lokacin a ranar Green Ghana da aka fara a 2021. Kakan yarinyar nan, wanda shi ne mai masaukina, ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Malam, dashe ba laifi. Amma wa zai ba shi ruwa a watan bazara? Wa zai tsare shi daga awaki? Zo mu je gona."

A gonar ya durƙusa gaban wani ɗan kututturen kalgo da ya yi toho birjik, abin da ni da zan kira ciyawa in tuge. Ya ce, "Wannan ba yaro ba ne, tsoho ne. Saiwarsa ta girme ka." Ya zaɓi rassa uku masu ƙarfi ya bari, ya sassabe sauran da wuƙa daga ƙasa zuwa sama, ya ɗaure ukun da ɓawo. Abin da ya sassabe ya tara gefe ya ce, "Ga itacen tuwon da jikata ke tambayarka." Sunan aikin sassaben zamani. Dashe sabon jariri ne da sai ya nemi ruwa da kansa, shi kuwa kututture saiwarsa ta riga ta nutse, saboda haka cikin 'yan shekaru sai ka ga itace tsaye. Haka suke yi wa sabara, magarya, aduwa da gawo.

Daga baya na bi tarihin abin. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya yi aiki a Maraɗi a shekarun 1980, ya sha dasa itatuwa suna mutuwa kafin ya lura da waɗannan kututtura, ya shiga yaɗa dabarar tare da manoma bayan yunwar 1984. Masu bincike sun ƙiyasta cewa fili mai faɗin hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa a Nijar ta wannan hanya, itace kusan miliyan 200. A 2018 an ba shi lambar yabo ta Right Livelihood, shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da ramukan zai. Da na karanta wa Baba wannan, ya yi murmushi ya ce, "To, madalla. Mu dai wuƙa muka sani."

Na ajiye littafina. Sauran mako ukun a waje muka yi su. Muka yanke robobin ruwa muka yi ma'aunin ruwan sama, kowace safiya yara biyu su duba su rubuta. Muka cika kwanuka biyu da ƙasa, ɗaya tsirara, ɗaya an rufe da karan gero da ganye, muka jingine su muka zuba ruwa da buta. Na farko ya kwashe ƙasa ya fito jawur, na biyu ya tsiyayo kaɗan kaɗan. Ban ce komai ba, su da kansu suka ce, "Zaizaya ke nan!"

Darasin da ya fi daɗi shi ne na gawo. Ga damina tsaka, ko'ina kore shar, shi kuwa tsirara ba ganye ko ɗaya. Na tambaya ko ya mutu ne, suka fashe da dariya. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi sabo, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa ya zama taki, dabbobi su sha inuwarsa su ci 'ya'yansa da rani su bar kashi a gindinsa. Wannan duk sun sani. Abin da na ƙara musu shi ne cewa a saiwarsa akwai ƙananan halittu da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, irin aikin da wake da gyaɗa ke yi wa ƙasa. Muka ɗauki igiya muka auna geron gindin gawo da na nesa da shi. Na gindin ya fi tsawo da kauri, ko makaho ya shafa ya ji. Yarinyar nan ce ta riƙe igiyar, ita ta rubuta sakamakon a allo.

Da na dawo Nima na daina sa yara haddace abin da ba su taɓa gani ba. Namu kurmin babbar gota ce da ke kwashe bola zuwa Odo. Duk ɗan Akara ya san abin da toshewar magudanan ruwa ta taimaka wajen jawowa ranar 3 ga Yuni 2015 a Sakul, inda ambaliya da gobarar gidan mai suka ci rai fiye da 150. Yanzu kowace Juma'a da safe ɗalibaina suna ƙirga ledojin fiyawota da ke gotar ƙofar makaranta, mu rubuta, mu tara wa masu saye. Ba na ce musu shan fiyawota laifi ne, don na san za su tambaye ni to me za su sha.

'Yan uwana malamai na zango, in dama irin wannan ta zo muku, ku je. Hausar da wasu ke raina mana ita ce ta buɗe mini ƙofar ajin nan ba tare da tafinta ba. Sai dai ku yi tanadin kuɗin hanya da katin rigakafin shawara, ku binciki lafiyar hanya sosai kafin ku tashi, kuma makon farko ku fi yawan tambaya a kan bayani.

Kwanan baya shugaban makarantar ya turo mini hoto ta WhatsApp. Kalgon nan da Baba ya sassabe a gabana ya wuce tsawon jikarsa, ga ta tsaye kusa da shi da igiyar awo a hannu.