Dokokin Kasafin Kuɗin Gwamnati da Ƙa'idodin Kashe Su a Nijeriya

Mutane da yawa suna tsammani kuɗin Gwamnati kuɗi ne na wanda ke bisa mulki, ya ɗiba lokacin da ya ga dama, ya ba wanda ya ga dama. A wajen doka kuwa ba haka abin ya ke ba. Ko kwabo ɗaya ba shi fita daga baitulmali bisa halal sai an sami wata doka da ta ba da izinin fitarsa, ta kuma faɗi abin da za a yi da shi. Wannan ka'ida ita ce tushen dukan abin da za a bayyana a nan, kuma malamin da ke koya wa ɗalibai sha'anin mulki ya kamata ya riƙe ta da kyau, gama in ta kuɓuce masa sauran dokokin za su zama masa tarin lambobi marasa kan gado.

Asalin al'amarin

Tsarin da Nijeriya ke bi ya samo asali daga Ingila, inda sarakuna da majalisa suka daɗe suna ja-in-ja a kan wanda ke da ikon aza haraji. A shekarar 1689 aka tabbatar da cewa sarki ba shi da ikon karɓar kuɗi daga jama'a sai da yardar majalisa. A 1787 aka haɗa kuɗin shiga na ƙasar cikin asusu guda. A 1861 majalisa ta kafa kwamitin duba lissafin kuɗin jama'a, sa'an nan a 1866 aka yi dokar da ta kafa ofishin babban mai binciken kuɗi, wanda ke kai wa majalisa rahoto. Da haka zagayen ya cika, watau majalisa ta yarda, Gwamnati ta kashe, mai bincike ya duba, majalisa ta sake tambaya.

A ƙasar Hausa kalmar baitulmali da sarautar Ma'aji sun girmi zuwan Turawa. Amma baitulmali mai littattafan lissafi da ƙiyasin shekara, a Katsina aka fara gwada shi lokacin da Richmond Palmer ke aiki a can, kuma a wajen 1911 aka bazu da shi zuwa sauran masarautun Arewa. Daga nan aka yanka wa Sarki da hakimai da alƙalai albashi, aka raba tsakanin aljihun Sarki da kuɗin En'e. Kowace shekara En'e ta kan tsara ƙiyasin abin da za ta samu da abin da za ta kashe, Razdan ya duba, a aika sama a sa hannu. Wannan tsari ya zauna har aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976. Abin da ya rasa shi ne wakilan talakawan da ke biyan harajin, domin a farkonsa izini daga Gwamna ya ke fitowa.

Asusu biyu da a kan ruɗa

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ambaci manyan asusu biyu, kuma sau da yawa a kan ɗauki ɗaya a maimakon ɗaya. Na farko shi ne Asusun Tarayya, wanda sashe na 162 ya kafa. A cikinsa a ke zuba yawancin kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta tara, kamar na man fetur da kwastan da harajin kamfanoni. Wannan asusu ba na Gwamnatin Tarayya ba ne ita kaɗai, na rabo ne tsakaninta da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Sashen ya kuma ce abin da bai gaza kashi 13 cikin 100 ba na kuɗin da aka samu daga albarkatun ƙasa za a mayar wa jihar da aka samo su. Game da rabon ƙananan hukumomi kuwa, an daɗe ana bi da shi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jihohi, har a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a biya su kai tsaye.

Na biyu shi ne Babban Asusun Kuɗin Shiga, wanda sashe na 80 ya kafa. Wannan shi ne aljihun Gwamnatin Tarayya ita kanta, inda rabonta ke faɗawa tare da sauran kuɗin da ta samu. Sashen ya ce ba a fitar da kome daga cikinsa sai ta ɗayan hanyoyi biyu: ko dai Kundin da kansa ya ɗora wa asusun nauyin biyan, ko kuwa Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta ba da izini ta hanyar dokar kasafi. Kowace jiha tana da irin wannan asusu, kuma sashe na 120 zuwa 125 sun maimaita wa jihohi kusan dukan ƙa'idodin nan, Gwamna a matsayin Shugaban Ƙasa, majalisar jiha a matsayin ta ƙasa.

Hanya ta farko tana da dalili mai ƙarfi. Sashe na 84 ya ɗora wa asusun albashin waɗansu manya, cikinsu har da alƙalan manyan kotuna da Babban Mai Binciken Kuɗi. Ba a jefa ƙuri'a kan albashinsu kowace shekara, don kada alƙalin da ya yanke hukuncin da bai yi wa masu iko daɗi ba ya wayi gari an toshe masa abinci.

Yadda kasafi ke zama doka

Sashe na 81 ya wajabta wa Shugaban Ƙasa ya sa a tsara ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa na shekara mai zuwa, ya gabatar da shi ga Majalisar Dattawa da ta Wakilai. A dā shekarar kuɗi ta kan fara ran 1 ga Afrilu, kamar yadda aka gada daga Turawa, amma a zamanin Shugaba Shehu Shagari aka mayar da ita 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba. Ƙiyasin da Shugaba ya kawo roƙo ne kawai. Ba ya zama izini sai majalisun biyu sun amince da shi, an kuma sa masa hannu.

Sashe na 59 ya tanadi abin da za a yi in an sami saɓani. In majalisa ɗaya ta amince, ɗayar ba ta amince ba har watanni biyu suka wuce daga farkon shekarar kuɗi, Shugaban Majalisar Dattawa zai kira taron kwamitin kuɗi na haɗin gwiwa cikin kwana 14. In kwamitin ya kasa sasantawa, sai majalisun biyu su zauna tare su yanke. In kuwa Shugaban Ƙasa ne ya ƙi sa hannu har kwana 30, majalisun za su sake zama tare, kuma in kashi biyu cikin uku suka amince, kasafin ya zama doka ba da hannunsa ba.

Akwai wuri ɗaya da Kundin ya bar ƙofa a buɗe. Ya ce Shugaba ya gabatar da ƙiyasi a kowane lokaci cikin shekara, bai yanka rana ba. Saboda haka an sha shiga sabuwar shekara babu kasafi. Na 2016 sai a watan Mayu aka sa masa hannu, na 2017 da na 2018 kuwa sai a watan Yuni. A Disamba na 2019 ne aka sa wa kasafin 2020 hannu kafin shekarar ta kama. Domin kada aiki ya tsaya a irin wannan hali, sashe na 82 ya yarda Shugaba ya ci gaba da fitar da kuɗi har tsawon watanni shida, amma kada ya zarce abin da aka yarda da shi a daidai wannan lokaci na shekarar da ta gabata. Ta haka albashi na fita, ofisoshi na buɗe, amma sababbin ayyuka su kan tsaya, kuma a ƙasar da damina ke hana aikin hanya da gini, jinkirin wata biyar ya kan zama hasarar shekara guda.

Wata gardama da ta daɗe ita ce ko majalisa tana da ikon ƙara kuɗi ko cusa ayyukan da Shugaba bai kawo ba. Masu goyon bayan Gwamnati suna cewa Kundin Shugaba ya ba aikin tsara ƙiyasi, shi ne kuma ya san abin da baitulmali zai iya ɗauka. Masu goyon bayan majalisa suna cewa wanda aka ba ikon amincewa an ba shi ikon gyarawa, in ba haka ba majalisa ta zama 'yar amshin shata. Wannan gardama ta yi zafi ƙwarai a kan kasafin 2016.

Daga doka zuwa biyan kuɗi

Amincewar majalisa ba ita ce ƙarshen magana ba. Dokar kula da kuɗin Gwamnati ta 1958, da littafin ƙa'idodin kuɗi da ma'aikata ke bi, sun shimfiɗa matakan da suka rage. Ministan Kuɗi ya kan ba Babban Akanta takardar izinin fitar da kuɗi. A kowace ma'aikata akwai mutum ɗaya, galibi Babban Sakatare, wanda alhakin kuɗin ke wuyansa. Kowane biya sai da bauca mai ɗauke da sunan wanda za a biya, da dalili, da kan kasafin da za a cire kuɗin daga cikinsa.

Misali zai ƙara haske. A ce majalisa ta yarda da naira miliyan 50 don gina ajujuwa a wata kwalejin horon malamai. Shugaban kwalejin ya ga cewa abin da ya fi damun ɗalibai shi ne rashin ruwa, ya yi nufin ya haƙa rijiyar burtsatse da kuɗin. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma doka ba ta ba shi wannan iko ba, domin izinin da aka bayar na ajujuwa ne. Sai ya nemi a yarda da sauya kuɗin daga wannan kai zuwa wancan ta hanyar da doka ta tsara, ko kuwa ya jira kasafi na gaba. Dalili shi ne in aka yarda mai kyakkyawar niyya ya sauya, babu yadda za a hana mai muguwar niyya, kuma ƙuri'ar da wakilan jama'a suka jefa ta tashi a banza.

In kuɗin da aka ware bai isa ba, ko wata bukata ta taso wadda ba a tanada ba, sashe na 81 ya ce a kawo ƙarin kasafi gaban majalisa. In kuwa abin na gaggawa ne, kamar ambaliya ko annoba, sashe na 83 ya yarda a kafa asusun ko-ta-kwana wanda Shugaba zai ara daga ciki, da sharaɗin ya koma majalisa ba da jinkiri ba don a mayar da abin da aka ɗiba.

Dokokin 2007 da bayansu

A 2007 aka yi dokoki biyu don toshe ɓarakar da aka gani. Dokar tattalin kuɗin Gwamnati ta ce a tsara shirin kuɗi na shekaru uku a kai majalisa watanni huɗu kafin sabuwar shekara, kasafin shekara kuma ya fito daga cikinsa. Ta ce giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na dukan arzikin da ƙasa ta samar a shekara, sai in majalisa ta tsai da wani ma'auni. Ta kuma ce bashi don manyan ayyuka da raya jama'a a ke cinsa. Dokar ba da kwangila kuwa ta ce a yi shela a fili, 'yan kwangila su yi takara, kuma kada a ba da aikin da babu kuɗinsa cikin kasafi. Ma'aikacin da ya karya ta yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba da kora daga aiki. A 2015 kuma aka tilasta wa ma'aikatu su kwashe kuɗinsu daga bankunan kasuwa zuwa asusun bai-ɗaya a Babban Banki.

Duk da haka rubuta doka daban, kiyaye ta daban. Dokar Babban Banki ta 2007, yadda aka fara yin ta, ta ce rancen wucin gadi da bankin zai ba Gwamnati kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, a kuma biya shi kafin shekara ta ƙare. Amma rancen ya yi ta taruwa, har a watan Mayu na 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mayar da naira tiriliyan 22.7 bashi mai dogon zango. Watau an riga an kashe kuɗin tukuna aka zo neman yarda, wanda shi ne ainihin abin da sashe na 80 ya ke nufin hanawa.

Bincike

Mataki na ƙarshe shi ne bincike. Shugaban Ƙasa ke naɗa Babban Mai Binciken Kuɗi da amincewar Majalisar Dattawa, kuma ba a cire shi sai kashi biyu cikin uku na dattawan sun nema. Sashe na 85 ya ba shi ikon duba littattafan kowace ma'aikata, ya ce ba ya karɓar umurni daga kowa, ya kuma ba shi kwana 90 daga ranar da Babban Akanta ya miƙa masa lissafi don ya kai rahoto majalisa. Kowace majalisa tana da kwamitin da ke kiran manyan sakatarori su amsa tambaya a kan rahoton. Amma Mai Binciken ba shi da ikon ɗaure kowa ko ƙwato kuɗi da kansa, kuma in Akanta ya yi jinkiri shi ma dole ya jira. In rahoto ya zo bayan shekaru, wanda ya kashe kuɗin sau da yawa ya riga ya bar ofis.

Malamin da ke son ɗalibansa su gane wannan darasi zai iya kawo musu kasafin jiharsu, su nemo layin da ya ambaci makarantarsu, su tambayi abu huɗu: wa ya ba da izinin kuɗin, don wane aiki, nawa aka fitar, wa ya duba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Ɗalibin da ya iya waɗannan tambayoyi huɗu, ko ya zama hedimasta, ko akawu, ko kansila, ya san abin da za a tambaye shi, ya kuma san abin da ke hakkinsa ya tambayi na sama da shi.