Saƙon Juma'a: Me ya sa labarin makaranta ba ya isa gida?

Yaron da ke firamare a Kano, ko Zariya, ko Gusau, mako biyu yake yi a cikin mako ɗaya. Na boko yana farawa ranar Litinin, ya ƙare Juma'a kafin a tafi masallaci. Na Islamiyya ko makarantar allo kuwa daga Asabar yake tashi, ya tsaya Laraba, a huta Alhamis da Juma'a kamar yadda aka gada tun kaka da kakanni. Idan ka jera su biyun, za ka tarar babu rana ko ɗaya da yaron ba shi da inda za shi. Wadda ke riƙe da wannan lissafi a ka ita ce uwa. Ita ta san ranar wankin inifom, da ranar hadda, da ranar da ake duba farce da aski, da ranar da za a nemi tsintsiya. Tambayata a wannan shafi ita ce: daga ina take samun labarin abin da makaranta ta shirya wa ɗanta a mako mai zuwa? A mafi yawan gidajenmu amsar ɗaya ce, daga bakin yaro ɗan shekara shida ko bakwai.

Duk wanda ya yi firamaren gwamnati ya san yadda ake yi. Hedimasta ya tsaya a wurin taron safe, gabansa ɗaruruwan yara, a wasu makarantun birni ma dubbai, ba lasifika, na baya suna ture-ture. Ya jero sanarwa uku ko huɗu, ya rufe da "ku faɗa wa iyayenku". Daga nan saƙo ya shiga aljihun da ya ɓule. "Ranar Talata ma'aikatan lafiya za su zo" kan isa gida a matsayin "an ce za a yi mana allura, ni dai ba zan je ba". "Akwai taron iyaye ranar Asabar" kan koma "an ce a kawo kuɗi". Wani yaron kuma sai Litinin da safe, yana ɗaura takalmi, zai tuna an ce kowa ya zo da sabon littafi. Ba laifin yaro ba ne. An ɗora masa aikin da ya fi ƙarfin shekarunsa.

Makarantun kuɗi sun kauce wa wannan, amma da yawansu sun faɗa wani ramin. Suna aiko da takarda, wasu kowace Juma'a, da Turanci mai kauri wanda aka yi don burgewa. Ka karanta daga sama har ƙasa, abin da za ka tsinta bai wuce kuɗin ranar al'adu, da kuɗin yawon buɗe ido, da kuɗin bikin yaye yaran da ba su gama iya riƙe fensir ba. Uba kan ga takardar ya ji gabansa ya faɗi tun kafin ya buɗe ta. Zauren WhatsApp na iyaye kuma, wanda aka buɗe don sanarwa, kafin zango ya raba ya cika da gaisuwar Juma'a da tallar atamfa, har sanarwar da ke da amfani ta nutse a ƙasa. Saƙon da kullum kuɗi yake nema, ranar da ya zo da maganar lafiyar yaro ba wanda zai duba shi.

A ganina wannan giɓi yana da tarihi. Makarantar allo ba ta taɓa buƙatar takarda ba, domin malam maƙwabci ne, ana haɗuwa da shi a sahu sau biyar a rana, kuma kuɗin Laraba kansa wata hanya ce ta gaisawa tsakanin gida da malam duk mako. Boko ba ta wannan ƙofa ta shigo ba. Tun daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, ta hannun sarakuna da hakimai ake neman yara, kuma saƙon da kan sauka a ƙauye umarni ne: a kawo yara kaza. Shi ya sa aka yi zamanin da ake ɓoye yara a rumbu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara, har ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa. Duk da haka ɗabi'ar ba ta sauya sosai ba. Makaranta ta gwamnati ce, iyaye kuwa ana kiran su ne idan yaro ya yi laifi ko idan rufin aji ya yaye. An kafa kwamitocin al'umma masu kula da makarantu, waɗanda ake kira SBMC, don cike wannan giɓi, kuma shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa ya yi aiki a kansu a Kano da Kaduna da Jigawa. Inda kwamitin ke da rai ana ganin bambanci. Amma kwamiti kan zauna sau ɗaya ko biyu a zango, ita kuwa rayuwar yaro mako-mako take tafiya.

Wani zai ce ai wannan ƙaramar magana ce a ƙasar da yara ke zaune a ƙasa, aji ɗaya ya haura ɗari, kuma UNICEF ta daɗe tana maimaita cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta. Ban musa girman waɗannan ba. Sai dai mu duba inda rashin sanarwa ke kai mu, mu fara da lafiya. Makarantar firamare ita ce wurin da hukumomin lafiya suka fi sauƙin samun yara a tare, don haka can ake kai rigakafi da maganin tsutsar ciki da na tsargiya. Mu kuma al'umma ce mai tabo a wannan fanni. Gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996 bai bar zukata ba, kuma yana daga cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi har aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar a 2003, ba a dawo da shi ba sai a 2004, bayan cutar ta sake yaɗuwa. Ba mu kaɗai ba ne. A watan Oktoban 2017, jita-jitar cewa sojoji na yi wa yara wata allura ta sa iyaye a jihohin kudu maso gabas suka ruga makarantu suna kwashe 'ya'yansu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Uwar da aka sanar da ita tun ranar Juma'a cewa Talata za a zo, ga sunan maganin, ga cutar da yake karewa, ga asibitin da ya turo ma'aikatan, tana da kwana huɗu ta tambayi mijinta, ta tambayi ma'aikaciyar asibitin unguwa. Wadda kuwa sai da ɗanta ya dawo yana kuka da shaidar tawada a yatsa ta ji labari, ita ce gobe za ta hana shi zuwa. Lokacin da mashaƙo ya yi ɓarna a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, kuma yara ne akasarin waɗanda suka kamu. Layi biyu a saƙon mako, cewa duk yaron da ke zazzaɓi da ciwon maƙogwaro a kai shi asibiti kada a turo shi aji, ba ƙaramin aiki zai yi ba. Haka maganin tsargiya: ana son yaro ya ci abinci kafin ya sha, in ba haka ba yakan sa jiri da tashin zuciya. Yara nawa ne ke fita da safe ciki ba komai? Idan biyu suka yi amai a aji, kafin azahar labari ya zaga unguwa cewa an ba yara guba.

Sai batun tsaro, wanda ba na son in tsawaita shi don nauyinsa. A ranar 7 ga Maris 2024, da safe, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a makarantar Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun a jihar Kaduna. Takardar mako ba ta tare bindiga, wannan kowa ya sani. Amma akwai ƙananan ƙofofi da take rufewa. Wa aka yarda ya ɗauki yaro idan an tashi? Ƙarfe nawa za a tashi ranar da malamai ke da taro a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma? Na taɓa tarar da yaran wata makaranta a unguwarmu an sallame su tun ƙarfe goma saboda wani taro, ƙanana 'yan aji ɗaya suna tsaye a bakin titi, masu a-daidaita-sahun da ke ɗaukar su ba za su zo ba sai ƙarfe ɗaya. Hedimasta ya san da taron tun makon da ya gabata. Iyaye ne kawai ba su sani ba.

Akwai kuma sauye-sauyen da ke saukowa daga sama. Jihar Kaduna ta mayar da makarantun gwamnati kwana huɗu a mako a farkon 2022. Shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2016 ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, an dakatar da shi a Janairun 2024. A azumin 2025 jihohin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun ba da hutu na tsawon watan. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an sanar da shi a rediyo da jaridu, an yi ta muhawara a kansa. Abin da ya shafi gida kai tsaye shi ne wanda ba a faɗa: daga wace rana, ƙarfe nawa za a riƙa tashi, a ba yaro abin kari ko kada a ba shi, yaushe jarrabawa ta koma. Wannan ba aikin kwamishina ba ne. Hedimasta ne kaɗai zai iya faɗar sa.

Kuma saƙo ba hanya ɗaya yake bi ba. A garuruwan da ke da kasuwar mako, irin su Wudil ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis, duk malami ya san ranar da aji ke raguwa, kamar yadda ya san yadda damina ke kwashe manyan yara zuwa gona. Wasu iyayen da saninsu ake yi, don talla ce ke ciyar da gida. Wasu kuwa sun sallami yaro da safe da jakarsa, ba su san a kasuwa ya yini ba. Rajista tana hannun malami, amma sau nawa abin da ke cikinta yake isa gida kafin ƙarshen zango, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe?

To da me za a yi, alhali makarantar ko alli da ƙyar take samu? Wannan ita ce hujjar da malamai za su kawo, kuma hujja ce ta gaskiya. Ba na kiran a sayi injin buga takardu. Minti goma na ƙarshe ranar Juma'a sun isa malami ya rubuta layi biyar a allo, 'yan aji huɗu zuwa shida su kwafa a bayan littafinsu, ya zama darasin rubutu kuma ya zama saƙo. Ƙananan aji yawanci suna da yayye ko maƙwabta a manyan. A rubuta da Hausa, domin wadda ake so ta karanta ba ta neman a gwada mata Turanci. A kafe kwafi a ƙofar makaranta da boko da ajami, tun da akwai iyaye da kakanni da yawa da ake lissafa su cikin marasa karatu, alhali ajami a wurinsu kamar shan ruwa ne. Inda akwai waya, saƙon murya na minti ɗaya daga hedimasta ya fi doguwar takarda, da sharaɗin shi kaɗai ke da ikon aikawa a zauren. Wakilin kwamitin makaranta ya miƙa wa liman kwafi a karanta bayan sallar magariba, wakiliyar mata ta kai Islamiyyar matan aure, inda ainihin masu riƙe da lissafin suke taruwa.

Abu biyu zan roƙa game da abin da za a rubuta. Na farko, a raba maganar kuɗi da saƙon mako. Idan akwai abin da za a biya, ya fito daga taron iyaye da malamai, da adadinsa da dalilinsa da rasit, sau ɗaya a zango. Na biyu shi ne wanda na fi damuwa da shi, kuma ban cika ganin sa ko a makarantu masu tsada ba: layi ɗaya da ke faɗin abin da aka koya. "A wannan mako 'yan aji biyu sun koyi tara lambobi har zuwa hamsin." "'Yan aji uku sun karanta labari mai layi goma, a sa su maimaita a gida." Uwar da ba ta yi boko ba tana iya zube wake ko 'ya'yan dabino a tabarma ta ce ƙirga mini. Idan ya kasa, ta gano a mako na uku abin da a da sai a aji shida ake ganowa, ranar da aka ce yaro ya rubuta sunansa a takardar jarrabawar shiga sakandare ya tsaya yana kallon biro. Na san wannan layin zai takura wa malamin da ba ya shiga aji, domin sai ya koyar zai sami abin rubutawa. Wannan takurar ba ta dame ni ba.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma akasarin abin da ake magana a kai shi ne gini da kujeru da ɗaukar malamai, waɗanda duk sai an jira kasafin kuɗi. Wannan kuwa takardar umarni ɗaya daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha zuwa sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 44 ta ishe shi. Jami'an da ke zagayen duba makarantu sun saba neman rajista da littafin shirin darasi. Sai su ƙara da neman littafin ɗalibi ɗaya na aji biyar, wanda su da kansu za su zaɓa, su buɗe bayansa su ga ko saƙon Juma'ar da ta wuce yana nan.