Jin Ra'ayin Jama'a Game da Dokar Ruwa: Misalin Ƙasar Jibiya

Dokar ruwa ta bambanta da sauran dokoki, domin abin da take hukunci a kansa ba ya zama wuri ɗaya. Kogin Gada, wanda aka datse a Jibiya cikin 1989, yana ƙetare iyaka ya shiga Jamhuriyar Nijar, inda ake kiransa Gulbin Maraɗi, sa'an nan ya sake komowa Nijeriya ya faɗa cikin Rima. Madatsar tana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ikon duk ruwan da ya shafi fiye da jiha ɗaya kuwa, Dokar Soja mai lamba 101 ta 1993 ta ɗora shi a kan Gwamnatin Tarayya, amma ta bar wa kowa damar ɗiban ruwa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobi. A 2007 aka kafa wata hukumar tarayya mai kula da lasisin masu ɗiban ruwa don sana'a.

Ba don a burge kowa ake binciken ra'ayin jama'a a kan irin waɗannan hukumomi ba. A watan Afrilu na 1980 manoman Bakolori, kusa da Talatar Mafara, suka tare hanyoyin aikin madatsarsu saboda maganar gonaki da diyya, aka aika da 'yan sanda, aka yi asarar rayuka. Ƙorafin nan ya daɗe a bakin mutane kafin ranar, sai dai bai sami mai sauraro ba.

To, idan mai bincike ya isa ƙauye irin Gangara, kuskure ne ya fara da tambayar ko mutum ya gamsu da yadda hukuma take tsare doka. Kalmar "hukuma" ba abu ɗaya take nufi ga kowa ba. Wani ma'aikacin da yake buɗe ƙofar magudana yake nufi, wani dagaci, wani kuwa bai taɓa jin akwai lasisin ruwa ba. Saboda haka abin da ya kamata a fara tambaya shi ne, wa mutum yake kai wa ƙara idan ruwa ya yanke masa, kuma me ya faru a karon ƙarshe da ya kai.

Haka kuma wanda ya yi tambaya yana canja amsa. In malami ya zo da littafi da alƙalami a motar gwamnati, aka tara mutane a ƙofar gidan dagaci, ba abin da zai koma da shi sai "madalla" da "mun gode". Abin ya fi tsanani a garin iyaka, inda aka rufe hanya a 2019, aka sake rufewa a 2023, har mutane suka saba ɗaukar duk mai rubuta sunaye a matsayin ɗan saƙon kwastan. Gara a sami mutum shi kaɗai a gonarsa, a kuma bar sunansa.

Sa'an nan sai a duba wa aka tambaya. Manomin da gonarsa take bakin magudana zai ce doka lafiya lau take. Na ƙarshen magudana, wanda ruwa ba ya isa gare shi sai an ƙoshi a sama, shi ne ya san ko ana tsare ta. Ga makiyayi mai neman mashaya, ga ɗan ga-ruwa, ga matan aure da suke cikin kulle, waɗanda su ne suka san tulu nawa gida yake sha, ba kuwa mai iya jin ta bakinsu sai mace 'yar'uwarsu. Lokaci ma yana da nasa tasiri: wanda aka tambaya cikin bazara ƙarancin ruwa zai ambata, amma mutanen Jibiya da suka ga ambaliyar Yulin 2018 suna da wata magana dabam da damina.

Akwai kuma waɗanda takardar tambaya ba ta cika isa gare su ba. Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijeriya da Nijar ta lissafa Gada da Gulbin Maraɗi cikin ruwayen da ƙasashen biyu za su raba bisa adalci. Binciken da ya tsaya a Magama, mutanen sama kaɗai ya ji. Manoman fadamar Madarumfa da Maraɗi, waɗanda suke jiran abin da aka saki daga Jibiya, sai an nemi izini an ƙetare musu.