Hular Masu Jinyar Ciwon Daji

'Yan'uwa 'yan kasuwa da dillalan Anka, Gummi da Bukkuyum, ga sana'a mai ƙaramin jari. Mutanenmu da ke karɓar maganin ciwon daji a asibitin koyarwa na Sakkwato, da yawansu gashi yakan zube bayan mako 2 ko 3. Fatar kai ba ta son kaushi: kube na gurzarta, kallabi na zamewa. To, a sayo yadin auduga mai laushi, tela shi ɗinka hula, bakin ɗinki ta waje. Mu masu hatsi mun sani, wani sai da ya sayar da geronsa kafin ya biya magani, don haka kada a tsawwala. A kuma rufa asirin mai saye. Allah shi ba su lafiya, amin.