Ruwan zafi da ciwon da ya ƙi tafiya: daga tukunyar asuba a Bauchi zuwa Wikki

Idan hunturu ya kankama a watannin Disamba da Janairu, tun kafin kiran assalatu hayaƙi ke fara tashi daga gidaje a Jahun da Wunti da Yelwa da sauran unguwannin birnin Bauchi. Wata tukunyar ta koko ce, wata kuwa ta ruwan wankan dattijuwar da gwiwoyinta suka sage cikin dare, ko yaron da ke fama da cutar sikila, ko magidancin da ciwon baya ya hana shi yin ruku'u. Ga irin waɗannan mutane, bokitin ruwan zafi shi ne maganin farko na yini, kuma sau da yawa shi ne mafi araha.

Dabarar tana da tushe a ilimin likitanci. Ɗumi yana buɗe ƙananan hanyoyin jini, ya sassauta tsokar da ta ɗaure, ya sa gaɓar da ta ƙage ta yarda ta motsa. A shekarar 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka gabatar da bayanin cewa saƙon zogi yana ratsa wata irin ƙofa a laka kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma wasu saƙonni daga fata suna iya rage abin da ke wucewa ta cikinta. Da wannan ake fassara sauƙin da mutum ke ji idan an murza masa wurin da ya buge, ko an gasa masa da tsumma. Ga masu sikila kuwa lamarin ya fi haka nauyi, domin sanyi yana matse jijiyoyin jini, ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe su toshe hanya, ciwo ya tashi. Shi ya sa likitoci ke ba su shawarar gashi da ruwan ɗumi, suke kuma hana su ɗora ƙanƙara.

Sai dai sauƙin ba ya daɗewa. Ruwa ba ya mayar da guringuntsin gwiwa da ya zaizaye, kuma bayan ɗan lokaci zogin yakan dawo. Amfaninsa na haƙiƙa shi ne ya ba mutum sararin miƙe ƙafa, ya yi tattaki, ya samu barci, ya kuma rage yawan ƙwayoyin da yake haɗiya. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a garin da ake sayen ibuprofen da diclofenac a kemis ba da takardar likita ba, alhali daɗewa ana shan su yana iya gyambuna ciki ya kuma taɓa ƙoda.

Jihar Bauchi tana da nata wurin wankan da ba a hura masa wuta. A dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri, tafiyar sama da kilomita 100 daga birni, maɓuɓɓugar Wikki tana fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗumin kusan digiri 31, rani da damina, dare da rana, ta kwarara zuwa kogin Gaji. An ware dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Abin lura shi ne ɗumin Wikki bai kai na jikin ɗan Adam ba, wanda yake digiri 37. Abin da mai ciwon gaɓoɓi ke samu a cikinsa shi ne ruwan yana ɗauke masa nauyin jiki, sai ya iya lanƙwasa gwiwar da a tudu ba ta yarda. Amma kuɗin mota da na shiga sun sa wurin ya zama na yawon buɗe ido, kuma talakan da ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa yana lissafin gawayi ba zai mai da shi asibitinsa ba.

Haɗarin yana cikin gida ne, inda ake ganin ruwa bai yi aiki ba sai ya yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba. Bahaushe ya gaji wannan tunani daga wankan jego, wanda mai haihuwa ke yi safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganye har kwana arba'in ko fiye. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun alaƙanta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego da wannan wanka, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, da shan kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta a Kano ya karkata ga wasu dalilai, ciki har da ƙarancin sinadarin seleniyom a jiki. Duk da haka, zafi mai tsanani yana sa zuciya ta ƙara gudu, jini ya sauka, tsoho ya ga jiri a banɗaki mai santsi.

Mai ciwon suga ya fi kowa shiga hatsari, domin cutar takan kashe jin ƙafa, ya ƙone bai sani ba, gyambon kuma ya ƙi warkewa. Ruwan da ya kai digiri 60 yana salle fata cikin 'yan daƙiƙu. Don haka ake so a sirka ruwan, a gwada shi da gwiwar hannu, kada wankan ya wuce minti 15 zuwa 20, mai sikila kuma ya sha ruwa sosai ya lulluɓe jiki da zarar ya fito, kafin iskar hunturu ta buge shi. Gaɓar da ta kumbura ta yi ja tana zafi ba ta son gashi. Ita, da ciwon da ya zo da zazzaɓi ko rama ko mutuwar ƙafa, na likita ne, ko a asibitin unguwa ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa.