Gemu Ba Ya Hana Ilmi: Makarantun Kyauta a Intanet

An shirya wannan 'yar takarda domin dattawa, maza da mata, musamman waɗanda suka ajiye aiki ko suka aurar da 'ya'ya, har suka sami sarari. Nufinta shi ne ta nuna musu inda za su sami karatu ba tare da biyan kuɗin makaranta ba, ta wayar hannu ko kwamfuta.

Tsofaffin cikinmu ba su manta da Yaƙi da Jahilci ba, wanda aka yi a Arewa cikin shekarun 1950. A wancan zamani magidanci yakan komo daga gona, ya wanke ƙafa, ya nufi ajin manya. To, makarantar da muke magana a kanta jikar waccan ce. Bambancinsu shi ne wannan ba ta da rumfa, ba ta da ƙararrawa, ba a kuwa korar ɗalibi don ya tsufa.

Makarantar da ya kamata a fara da ita

A ƙasar Ingila akwai wata jami'a da ake kira Open University, mazauninta a garin Milton Keynes. An kafa ta a shekarar 1969 domin mutanen da ba su sami damar shiga jami'a da ƙuruciya ba, ta kuma karɓi ɗalibanta na farko a 1971. Da fari ta rediyo da talabijin da gidan waya take aika wa mutane darasi har gida. A shekarar 2006 ta buɗe wani sashe a intanet mai suna OpenLearn, ta zuba ɗaruruwan darussa a ciki, ta ce kowa ya ɗiba, daga kowace ƙasa yake.

Abin da ya sa muka gabatar da ita shi ne ta saba da manya tun asalinta. An rubuta darussanta ne domin mutumin da yake karatu shi kaɗai a ɗakinsa, ba malami kusa da shi. Akwai na tarihi, da na lissafi, da na kiwon lafiya, da na harsuna, da na tattalin kuɗi. A kan kowane darasi an rubuta yawan sa'o'in da zai ci, da matakinsa, watau na mafari ne, ko na tsaka-tsaki, ko na wanda ya yi nisa. Wani 'yan sa'o'i ne kawai, wani kuwa ya kai sa'a 24, an rarraba shi mako takwas. Ba mai tsawata maka in ka makara. Ko ka yi wata guda kana jinya, in ka komo ka tarar da darasinka inda ka bar shi.

Kana iya karantawa ba ka rubuta sunanka ba. Amma in ka yi rajista, wadda ita ma kyauta ce, sa'ad da ka gama za a ba ka takardar shaidar ka halarci darasin. Lalle a gane, wannan takarda ba digiri ba ce, kada wani ya ruɗe ka da cewa ita ce.

Waɗansu ƙofofin

Wanda lissafi ya kuɓuce masa tun yana yaro, sai ya nemi Khan Academy. Wani Ba'amurke mai suna Salman Khan ne ya kafa ta a 2008, bayan ya fara da koya wa wata 'yar'uwarsa lissafi daga nesa. Tana ɗaukar mutum tun daga ƙidaya har zuwa lissafin jami'a, da gajerun bidiyoyi da aikin gwaji. Kakan da yake so ya duba aikin gida na jikokinsa zai ji daɗinta ƙwarai.

Jami'ar MIT ta Amurka ta fara sakin darussanta a fili a 2002, da sunan OpenCourseWare. Ilmi ne mai zurfi, ba malami, ba takardar shaida. Ya fi dacewa da tsohon injiniya ko tsohon malamin kimiyya. A edX kuma, wadda MIT da Harvard suka kafa a 2012, akan bar mutum ya bi darussa da yawa kyauta, takardar shaida ce ake saya. Nan gida, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, watau NOUN, ta sa littattafan darussanta a shafinta, kowa na iya saukewa, ko da yake mai neman digirinta sai ya yi rajista ya biya. Mai son tsofaffin littattafai kuwa, ga Project Gutenberg, wanda aka fara tun 1971, yana da littattafai fiye da 70,000.

Maganar Turanci

Ba za mu ɓoye muku ba, mafi yawan waɗannan darussa da Turanci suke, wannan kuwa shi ne babban shingen da ke gaban mutanenmu. Abin da ke akwai da Hausa bai taka kara ya karya ba in an gwada shi da na Turanci. Duk da haka akwai Wikipedia ta Hausa, akwai kuma masu koyar da ɗinki da noma da kiwo da Turanci kansa da harshen Hausa a YouTube. Tun shekarar 2013 Google Translate yake fassara zuwa Hausa. Yana taimako wajen gane inda magana ta dosa, amma yakan yi kwaɓa, saboda haka kada a dogara da shi a kan sha'anin magani ko shari'a.

Kyauta ce, amma da ɗawainiya

Karatun ne kyauta, kuɗin data kuwa daga aljihunka zai fito. Bidiyo shi ne mai cinye shi, rubutu ba ya cin kome. Dabara ita ce a rage kyan hoton bidiyo, ko a sauke darasi sau ɗaya a riƙa maimaita shi. Yawancin darussan OpenLearn ana iya sauke su kamar littafi, a karanta ko ba intanet.

Wanda idonsa ya yi rauni, a ƙara masa girman baƙaƙe a cikin saitin waya. Wanda magana ta yi masa sauri, ana iya rage gudun bidiyo, a kuma kunna rubutun da ke bin magana a ƙasa. Ɗa ko jika ya nuna maka sau ɗaya ko sau biyu, amma ka sa shi ya bar wayar a hannunka, kai ka danna da kanka. In shi ya riƙa danna maka, ranar da ya koma makaranta karatu ya tsaya. Rabin sa'a kullum, da littafin rubutu da fensir a gefe, ya fi wuni guda a mako.

Gargaɗi

Macuta sun san dattawa suna da fansho, su ma kuwa suna cikin intanet. Sukan aiko da saƙo ta WhatsApp ko Facebook cewa ka ci gurbin karatu ko tallafi, sai dai ka tura kuɗin fom. Makarantar kyauta ta gaskiya, in ta nemi rajista, galibi suna da adireshin imel da ɗan abin da ba a rasa ba take tambaya. Ba ruwanta da lambar BVN, ko lambar sirri ta katin banki, ko lambar da banki ya turo maka a waya. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan, ka rufe shafin nan take. In kuwa ka riga ka bayar, ka garzaya bankinka a ranar, ka sa a toshe katin.