Yadda Gwanin Gyara Zai Koya wa Kwamfuta Gano Cutar Inji

A Kurudu, kan hanyar Karu zuwa Karshi cikin Birnin Tarayya, gidaje da dama sun dogara ne ga rijiyar burtsatse. Ran da famfo ya ƙi kawo ruwa, sai a zauna jiran gwani. In ya yi tafiya, sai a koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. In kuwa ya tsufa ya bar sana'a, to saninsa ya tafi tare da shi ke nan.

Wannan damuwa ba yau ta fara ba. A farkon shekarun 1980, kamfanin General Electric na Amurka ya ga babban injiniyansa na gyaran kan jirgin ƙasa, David Smith, ya kusa yin ritaya. Sai aka tattara saninsa cikin wani tsarin kwamfuta mai suna DELTA. Amma a zamanin, sai masu rubuta umarnin kwamfuta sun zauna da gwani suna yi masa tambayoyi, sa'an nan su fassara wa na'ura amsoshinsa.

Yanzu akwai manhajojin da ake sarrafawa da zane, irin su LabVIEW, wadda ta fito a 1986, da Node-RED ta 2013. Da irin wannan dabara, gwani da kansa zai jera akwatuna a fuskar kwamfuta, kowane akwati da tambayarsa, ya haɗa su da layuka.

Alal misali, akwatin farko ya ce: akwai wuta? In babu, layi ya kai ga duba fis ko janareta. In akwai, sai tambaya ta biyu: injin famfon yana juyawa? In ba ya juyawa, a kashe wuta a duba akwatin kunna shi. In yana juyawa amma babu ruwa, watakila ruwan rijiya ya ja baya ko bututu ya tsage. Da haka ɗan koyo zai bi sawun maigidansa har ya kai ga cutar.

Sai dai a lura, na'ura ba ta san kome ba sai abin da aka zuba mata. In zane ya karkace, amsa ma za ta karkace. Saboda haka ana kira ga masu gyaran famfo da makanikai su fara zana matakan aikinsu, ko da a takarda ne, su gwada su a kan inji, don amfanin na baya.